Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Damuwa da Aljihun Talaka

Mai gabatarwa: To jama'a, lokaci na gudu, mu shiga wasiƙu. Wani daga Funtuwa na tambaya ko masanin halayyar ɗan Adam shi ne likitan ƙwaƙwalwa. A'a Malam. Likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta, shi ke rubuta magani. Masanin halayya kuwa zama yake yi da kai ku tattauna.

Sai wasiƙar wata baiwar Allah daga Gusau, kuma mun samu irinta da yawa. Ta ce tun da ta haihu barci ya ƙaurace mata, sai kuka ba dalili. An ce ta nemi mai tattaunawa da ita, amma maigidanta ɗan acaɓa ne. Shin wannan gata na masu hali ne kawai? Likita, bismilla.

Likita: To, ai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200...

Mai gabatarwa: Likita, kin tafi majalisa kin bar mana maijego a Gusau! Ina za ta je?

Likita: Gaskiyarka. Ta fara da asibitin da ta yi awon ciki, ta faɗa musu ƙarara ba ta barci, tana yawan kuka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, da Kaduna da Maiduguri, sun fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne zaman tattaunawa ba na rana ɗaya ba ne, mako-mako ake komawa. Kuɗin mota, ga jariri a goye, ga layi tun asuba. Sai talaka ya karɓi ƙwaya ya koma gida, mai hali kuma ya samu awa guda ana saurarensa.

Mai gabatarwa: Na maimaita, Hajiya: ki fara da asibitin awo. Kai kuma maigida, kada ka ce shagwaɓa ce. Ciwo ne, kuma ana warkewa. Ka ɗauke ta ka kai ta, ai babur ɗin na hannunka.

Ta ƙarshe, ɗalibi daga Zariya, ɗan manomi, yana son ya karanci halayyar ɗan Adam.

Likita: Shekara 4 digirin farko, Jami'ar Jos na koyarwa. Sai bautar ƙasa, sai digiri na biyu, sai horo a asibiti. A digiri na biyun nan 'ya'yan talakawa ke zubewa, don gida na jiran albashinsu. Shi ya sa marar lafiya daga ƙauye ke shan wuya kafin ya samu wanda zai saurare shi da Hausa.

Mai gabatarwa: Ɗana, ka nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024, ka fara da digirin farkon. Irinku muke buƙata. Likita, mun gode, lokaci ya cinye mu.