Sharhi: Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Faɗin Layin Dogo

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa tashar jirgin ƙasa ta Kano.

A shekarar 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, layin dogo ya iso Kano daga Baro da ke bakin kogin Kwara, aka gina tashar a wajen ganuwa. Turawa auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma a 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000. Dalar gyaɗa da ake tinƙaho da ita, asalinta ƙarancin tarago ne: buhuna sun fi ƙarfin jirgi, dole aka jibge su suna jiran layi. A 1930 aka miƙa dogo zuwa Nguru.

Daga baya tashar ta durƙushe. To, me ya durƙusar da ita? Ana yawan cewa sakaci, kuma akwai shi. Amma a duba ƙarfen kansa. Faɗin tsohon layin, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon biyu, ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, an zaɓe shi saboda araha, ga kwana masu tsanani da ke hana gudu. Layin kuma ƙwaya ɗaya ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, don haka in kan jirgi ya mutu a daji, duk na bayansa sun tsaya. Da damina ruwa kan kwashe tsakuwar da ke riƙe da dogo, ƙarfe ya goce, tarago ya sauka. Shi ya sa ko da aka gyara layin a ƙarshen 2012, tafiyar Legas zuwa Kano, kilomita sama da 1,100, takan ci awa 30 ko fiye.

Sabon layin da ake shimfiɗawa daga Kaduna, da na Kano zuwa Maraɗi, faɗinsu milimita 1,435 ne. Taragon tsohon layi ba zai hau sabo ba, ko da wasa. Saboda haka tun yanzu ya kamata hukumar jiragen ƙasa ta tanadi filin sauke kaya da injin ɗaga kwantena inda layukan za su haɗu, in ba haka ba hatsi da dabbobin da za su taso daga Nguru sai an sake loda su a tirela.