Wa ke naɗa shugaban makarantar Katolika? Bayani ga iyayen yara a Kano

Iyaye da masu riƙon yara, barkanmu da wannan lokaci. Takardar da kuke gani a allo irin wadda makarantun sakandare na ɗarikar Katolika kan aiko muku ce idan an samu canjin shugabanci, galibi a ƙarshen zangon karatu na uku ko gab da komawa makaranta a watan Satumba. Mun rufe sunan makarantar da sunayen mutanen da ke ciki, domin ba a kan wata makaranta guda muke magana ba. Sakin layi na farko godiya ce ga shugabar da za ta tafi, na biyu ya gabatar da wadda za ta gaje ta, na uku kuma ya faɗi ranar da za a miƙa ragamar aiki. Iyakar abin da ke cikinta ke nan. Amma idan hotonta ya shiga zauren WhatsApp na iyaye da hantsi, kafin la'asar za a samu wanda ya rantse cewa korar Sista, wato shugabar makarantar, aka yi, da wanda ya ji daga majiya mai tushe cewa ma'aikatar ilimi ce ta cire ta, da kuma wanda ya riga ya fara tattara sunaye domin ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna ta soke canjin. Dukkansu ukun a wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, wato ba su san wanda ke da ikon naɗa shugaban irin wannan makaranta ba.

[A matso da kyamara zuwa ƙasan takardar.]

Ku dubi sa hannun da ke ƙasa da hatimin da ke gefensa. A wannan takarda ba shugabar makarantar ce ta sa hannu ba, kuma ko a inda ita ce ta sa, za ku tarar ta rubuta cewa tana isar da sanarwa ne a madadin wata hukuma da ke sama da ita. Mu a Kano mun saba da makarantun kuɗi na unguwa, inda mai makaranta shi ne ya sayi filin, shi ya gina azuzuwa, shi ne kuma ke zaune a ofis yana karɓar iyaye, ta yadda idan aka ce ya tafi, to makarantar ce ta tafi. A makarantar Katolika mallaka daban take, shugabanci daban. Wanda kuke gani a ofis, ko Fada ne, wato limamin coci, ko Sista, wato macen da ta keɓe rayuwarta ga hidimar addini, ko malami mai iyali, amana aka damƙa masa, kuma wanda ya damƙa masa ita ne ke da ikon karɓa ya ba wani.

Cocin Katolika yana da kundin dokokinsa, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, kuma doka ta 803 a cikinsa ta fayyace abin da ake kira makarantar Katolika: ita ce wadda hukumar coci mai iko ko wata ƙungiyar coci da aka amince da ita take gudanarwa, ko wadda hukumar cocin ta amince da ita a rubuce. Dokar ta ƙara da cewa babu makarantar da za ta laƙaba wa kanta sunan Katolika ba tare da izinin hukumar coci ba. A aikace, wannan ya sa masu mallakar makarantun da kuka sani suka kasu gida biyu manya. Akwai makarantun dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, akwai kuma makarantun ƙungiyoyin masu hidimar addini, irin na Sistoci.

Dayosis na Kano bai daɗe can ba idan aka kwatanta shi da wasu makarantun da ke cikinsa. An ware yankin daga Kaduna a 1991, aka ɗaga matsayinsa a 1995, ya zama cikakken dayosis a 1999, da Bishop Patrick Sheehan a matsayin bishop na farko, sannan aka naɗa Bishop John Namaza Niyiring a 2008. Babbar majami'ar da kuke gani yanzu, wato Our Lady of Fatima, ita ce kujerar bishop ɗin. Su kuwa Sistocin St. Louis, waɗanda sunansu ke kan makarantar 'yan mata ta Bompai, tun 1948 suka iso Kano daga ƙasar Ireland, kusan rabin ƙarni kafin a samu dayosis a garin. Ƙungiyarsu tana da nata shugabannin da nata tsarin tura mambobinta wuraren aiki.

To, idan makarantar ɗanku ta dayosis ce, naɗin shugaba yana hannun bishop, ko da kuwa takardar ta fito ne ta ofishin da ke kula da ilimi a madadinsa. Idan ta wata ƙungiyar Sistoci ce, shugabannin ƙungiyar ne ke yanke shawarar wadda za ta riƙe makarantar. Wannan bai fitar da bishop daga lamarin ba, domin doka ta 806 ta ba shi ikon sa ido da kai ziyarar duba dukkan makarantun Katolika da ke yankinsa, har da waɗanda ƙungiyoyin masu hidima suka kafa, da ikon shimfiɗa musu ƙa'idoji na bai ɗaya, sai dai dokar nan dai ta bar wa ƙungiyoyin 'yancin tafiyar da harkokin cikin gida na makarantunsu. Doka ta 805 kuma ta ba shi ikon naɗawa ko amincewa da malaman da ke koyar da addinin, da ikon cire su idan akwai dalili. Saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ya yi idan takarda ta zo ita ce, makarantar nan ta wace ce? Amsar tana nan a kan takardar da aka ba ku ranar da aka ɗauki yaron, idan ba ta ɓace a ƙarƙashin katifa ba.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa, wato dalilin tafiyar. Sista takan ɗauki alkawura uku a gaban Allah da ƙungiyarta: talauci, da zaman tsarki ba aure, da biyayya. Fada na dayosis kuma yakan yi wa bishop alkawarin biyayya ranar da aka keɓe shi. Ma'anar wannan a rayuwar yau da kullum ita ce, ba su ke zaɓar inda za su yi aiki ba, ba su ke kuma zaɓar ranar da za su bar shi ba. Ana iya ɗauke shugabar da ta yi shekaru tana aiki babu ko tabo a tura ta wata makaranta a wata jiha, ko ƙaro karatu, ko wani muƙami a cikin ƙungiyar, sau da yawa ma sunanta yana cikin jerin sunaye ne da aka yi wa canjin wurin aiki lokaci guda. Doka ta 682 ta ce idan mai hidimar addini yana riƙe da wani muƙamin coci a dayosis, hukumar da ta ba shi muƙamin tana iya sauke shi bayan ta sanar da shugaban ƙungiyarsa, shi ma shugaban ƙungiyar yana iya janye shi bayan ya sanar da hukumar, kuma babu wanda ke buƙatar amincewar ɗayan. Da afuwa ga Sista da Fada, lamarin ya yi kama da mai A Daidaita Sahu da direbansa: fasinja na iya sabawa da direba har ya riƙa jiran sa a bakin titi, amma makulli na mai babur ne.

Wannan ba ya nufin cewa ba a taɓa cire shugaba saboda laifi ko gazawa ba. Ana yi, kamar yadda ake yi a ko'ina. Abin da nake cewa shi ne, gajartar takardar ba hujja ba ce a kan laifi, domin takardar wanda aka ɗaukaka da ta wanda aka janye kusan kalmomi iri ɗaya ake rubuta su da su. A nan kuma ina da ƙorafi a kan makarantun kansu. A ganina sun cika rowar bayani, kuma jimla ɗaya tak da za ta faɗi inda aka tura tsohuwar shugaba, da wata da za ta faɗi makarantun da sabuwar ta riƙe a baya, za su kashe rabin jita-jitar tun kafin ta tashi. Iyayen da ke biyan kuɗi zango bayan zango sun cancanci wannan.

Idan shugaban ba Fada ba ne ba kuma Sista ba, malami ne da aka ɗauka aiki, to batunsa na yarjejeniyar aiki ne, mai wa'adi da sharuɗɗa, kuma mai makarantar ne dai ke sabunta ta ko ya bari ta ƙare, ko da hukumar gudanarwa ce ta yi tantancewar.

Batun gwamnati gajere ne. Dattawa na tuna shekarun 1970, lokacin da gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan, shi ya sa har yanzu wasu ke ɗauka daga ma'aikata ake turo shugaba. A makarantar da ke hannun coci, aikin gwamnatin jiha shi ne rajista da duba inganci da tabbatar da bin manhaja, kuma Kano tana da hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai. Hukumar TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke yi wa malamai rajista. Waɗannan suna iya tambayar cancantar wanda aka naɗa, amma zaɓen mutumin ba nasu ba ne.

Ƙungiyar iyaye da malamai fa? Doka ta 796 ta umarci malamai su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da iyaye, su saurare su da zuciya ɗaya, ta kuma ce a kafa ƙungiyoyi ko tarukan iyaye a riƙa girmama su. Wato kuna da haƙƙin a saurare ku, amma ba ku da ƙuri'a a kan naɗi. Jerin sa hannun iyaye da aka kai wa shugabar mai barin gado ba zai yi komai ba illa sanya ta cikin kunya, tunda ba ta da ikon tsayar da kanta. Idan kuna da magana, a rubuta ta cikin ladabi da sunan ƙungiyar, a aika wa ofishin da hatiminsa ke kan takardar, a kuma roƙi abin da zai yiwu, kamar a jinkirta miƙa aiki har a kammala jarrabawa, ko a turo wakili ya zauna da iyaye.

[Hotunan azuzuwa, ofishin ma'aji, da allon sanarwa.]

Sauran tambayoyin da kuka aiko za mu bi su da sauri. Rajistar WAEC da NECO da lambar cibiyar makaranta ake yin ta, ba da sunan shugaba ba, saboda haka ɗan aji shida ba zai rasa jarrabawarsa ba don an canza mai ofis, kuma makin gwajin da ake tarawa cikin zango yana cikin bayanan makaranta. Idan kun ga an rubuta cewa wani na riƙon ƙwarya ne, sa hannunsa a kan takardar sakamako ko takardar shaida yana aiki. Malamin aji da mataimakan shugaba yawanci suna nan inda suke, kuma su ne suka san ɗanku da suna. Ga iyaye Musulmi da ke fargabar sabon shugaba zai sauya tsarin da aka saba a kan ibada, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar wani addini ko shiga ibadarsa ba idan ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su amince ba, sashen kuma ya bar wa al'ummar addini damar koyar da nata yaran a makarantar da take ɗaukar nauyinta ita kaɗai. Ku tambayi sabon shugaban a zaman farko, a gaban kowa, yadda tsarin zai kasance, a kuma rubuta amsar a cikin bayanan taro.

Abu biyu ne nake so ku yi taka-tsantsan da su a makonnin miƙa aiki. Na farko shi ne kuɗin makaranta. Lokacin canji lokaci ne da 'yan damfara ke so, domin saƙon da ke cewa sabon shugaba ya buɗe sabon asusu yana da saurin shiga kunne. Asusun makaranta da sunan makaranta yake, kuma abin da ake canzawa a banki shi ne masu sa hannu. Idan lambar asusu ta zo muku ta waya, musamman mai ɗauke da sunan mutum, kada ku tura ko sisi sai kun taka zuwa ofishin ma'aji kun gani a rubuce, sannan ku adana rasit.

Na biyun shi ne alkawarin baki. Akwai uban da ke da 'ya'ya uku a makaranta, wanda tsohuwar shugaba ta ce masa ya riƙa biya kashi biyu, akwai marainiyar da aka yafe wa wani ɓangare na kuɗin ɗakin kwana, akwai kuma yaron da ke da ciwon sikila da aka ɗauke masa aikin share fili da gudun safe. Sau da yawa waɗannan abubuwa a tsakanin mutum biyu aka yi su a ofis, kuma sabon shugaba ba zai san da su ba sai idan suna cikin takardun miƙa aiki. Duk wanda ke da irin wannan yarjejeniya ya je ofis kafin ranar da aka rubuta a sakin layi na uku, ya roƙi shugabar mai tafiya ta rubuta masa ita a takarda mai hatimin makaranta, a saka kwafi ɗaya a fayil ɗin yaron, a ba ma'aji ɗaya, shi kuma ya tafi gida da ɗaya.