Lacca: yadda ake juya XML ya koma JSON da CSV da yaren Haskell

Assalamu alaikum. Don Allah na baya ku ɗan matso gaba, makirfon ɗin nan ba shi da ƙarfi.

To XML dai, wato tsarin rubuta bayanai a cikin alamomin da ake kira tag, ba baƙo ba ne, tun 1998 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da shi kuma har yau yana ko'ina, fayil ɗin docx ɗin da kuke turawa kullum in ka kwance masa zip XML ne cike a ciki. Haka ma in ka sauke kundin Wikipedia ta Hausa gaba ɗaya XML za su miƙo maka, kowane shafi yana cikin tag mai suna page, a ciki akwai title, akwai revision, rubutun kansa kuma yana cikin text. Da shi za mu yi misali yau.

Ni lokacin da na fara, abin da na yi shi ne in ga tag in juya shi JSON, tsarin bayanan da manhajoji ke musaya da shi, nan take, ba tsayawa. Wallahi na sha wuya. Shafin da aka taɓa gyarawa sau ɗaya sai ya fito da revision, wato bayanin gyara, guda tilo, wanda aka gyara sau goma ya fito da jeri, shi kuma mai karɓar JSON ɗin yana jiran jeri a kowane lokaci, sai manhajarsa ta faɗi ya kira ni tsakar dare. XML bai gaya maka wane tag ne zai maimaitu ba, kai ne ka sani.

Shi ya sa nake cewa kar ku yi tsalle daga XML zuwa wani tsari kai tsaye, ku tsaya a tsakiya tukuna. A Haskell sai ka ƙirƙiri nau'in bayananka, ka ce ga Shafi, yana da take wanda Text ne, wato rubutu, yana da jerin gyare-gyare, ko ɗaya ne ko dubu jeri ne dai. Akwai kuma tag ɗin redirect, mai tura mutum zuwa wani shafi, da wasu shafuka ke da shi wasu babu, shi kuma sunan inda yake turawa a attribute, wato ƙarin bayanin da ke jikin tag, yake zaune, wannan sai ka ba shi Maybe Text, wato rubutun da ƙila akwai ƙila babu, babu shi Nothing, akwai shi Just. Daɗin abin, kamfaila, wato manhajar da ke duba lambarka ta fassara ta, ba zai bari ka ɗauki Maybe kamar Text zalla ba, dole ka faɗi me za a yi in babu. Daga nan fankshan ɗaya ya karanto XML ya ba ka Shafi, wani ya ɗauki Shafi ya ba ka JSON ta laburaren aeson, wani CSV ta laburaren cassava, kowanne abin da ka ba shi kawai yake aiki da shi, ba ya taɓa komai a waje, gwada shi ma ba wahala.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba fa. Pandoc, manhajar juya takardu daga wani tsari zuwa wani, haka yake, John MacFarlane ne ya fara shi a 2006 da Haskell, kuma mutumin farfesan falsafa ne a Berkeley, ku ji fa. Duk abin da ya karanta, DocBook ne ko docx, sai ya zuba shi a bishiya guda ta tsakiya sannan ya rubuta. Ku lissafa, tsari 10 na shiga 10 na fita, kai tsaye fankshan 100 kenan, ta tsakiya 20.

Laburaren karantawa akwai HaXml na Malcolm Wallace da Colin Runciman tun 1999, akwai HXT, ni dai xml-conduit na Michael Snoyman nake so, saboda yana iya karanta fayil kaɗan-kaɗan yana zubar da wanda ya gama da shi. Kundin Hausa da sauƙi, amma na Turanci gomman gigabait ne, ka ce sai ka loda shi duka a RAM laftof ɗinka sumewa za ta yi.

CSV kuma tebur ne da waƙafi ke raba gurabensa, shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da rassa, to dole ka zaɓa, ni kowane gyara nake ba layinsa in maimaita taken. Waƙafin da ke cikin rubutu ku bar wa cassava, kar wani ya ce zai haɗa da hannu.

Na'am ƙanwata, tambayarki? Ta ce ta buɗe CSV ɗinta a Excel sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Fayil ɗinki lafiya lau yake, Excel ne bai gane UTF-8, tsarin ajiye haruffan da fayil ɗin ke ciki, ba ne. Ki sa wa fayil ɗin BOM, alamar da ke nuna UTF-8 ne, a farko, bait uku ne kacal, EF BB BF, ki sake buɗewa. In mun dawo daga sallar la'asar ki kawo laftof ɗin mu gwada a nan.