Fodkas Daga Agege: Yadda Ake Haɗa Fim

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Agege a birnin Legas. Yau ina tare da abokin gabatarwata Malam Habu, wanda ya daɗe yana riƙe kyamara a Surulere. Malam, shi fim ɗin nan, mene ne ainihinsa?

Malam Habu: Barka dai, Malama Bilkisu. Fim sandararrun hotuna ne da ake jerawa su riƙa wucewa da sauri, galibi hoto 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Wasu 'yan'uwa biyu na gidan Lumière sun haska shi ga 'yan kallo a Paris a 1895, kuma a 1903 aka nuna majigi a zauren Glover da ke tsibirin Legas.

Bilkisu: Ashe garin nan ya daɗe da sanin harkar. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da na ji cewa ba a ɗaukar labari bi da bi.

Malam Habu: Gaskiya ne, kuma kuɗi ne ke jawo haka. Idan furodusa ya kama hayar gida a Lekki na kwana uku, duk fitowar da ta shafi gidan a kwanakin nan za a ɗauke ta, ta farkon labari ce ko ta ƙarshe. Sai ki ga jaruma ta yi kukan rasuwar miji da safe, da la'asar kuma ta zauna a matsayin amaryarsa. Shi ya sa nake girmama mai kula da kwantiniti, wanda ke rubuta launin ɗankwalin da ta ɗaura da hannun da ta riƙe kofi, domin idan aka dawo bayan mako guda kada a sami saɓani. Ba a cika ambatonsa ba, alhali kuskurensa ɗaya mai kallo zai gano.

Bilkisu: To a ina labarin ke komawa daidai?

Malam Habu: A gaban kwamfutar edita. Shi da darakta suke zaɓen mafi kyau cikin ɗauka biyar ko goma da aka yi wa fitowa guda, su jera, su daidaita launi, su ɗora kiɗa.

Bilkisu: Ni kuwa, Malam, sauti ne ya fi damuna. Nakan yafe wa hoto mai duhu, amma idan ban ji maganar jarumi ba, raina yana ɓaci ƙwarai.

Malam Habu: Kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi a Legas. Ƙarar janareta da hon ɗin motocin haya na danfo ba sa barin makirfo ya huta. Wata rana mun jira kusan sa'a biyu kafin maƙwabci ya amince ya kashe injinsa. Idan abin ya gagara, sai a kira jarumi sutudiyo ya maimaita maganarsa yana kallon leɓunansa a allo, jimla bayan jimla, har muryar ta zauna a kan bakin.