Cutar Baifola da Zugar Jama'a

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Yakan zaunar da ɗalibi ɗaya cikin wasu mutane, a nuna musu layuka a jikin kati, a ce kowa ya faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da wani layi na gefe. Amsar a fili take, ko yaro ya gani. Abin da ɗalibin bai sani ba shi ne an haɗa baki da sauran su faɗi amsar da ba ita ba. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun ƙaryata idonsu sun bi jama'a, aƙalla sau ɗaya. Kuma waɗannan lafiyarsu ƙalau. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi, kuma da yawanmu ba mu tsira daga wannan ba.

To, yaya lamarin yake ga mutumin da yanayin zuciyarsa ke hawa can sama, ya kuma faɗo can ƙasa?

Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira baifola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da ita. Fuska biyu gare ta. Akwai lokacin hauhawa, wanda kan kai mako guda ko fiye: barci ya ragu amma babu gajiya, magana ta yi yawa, tunani na gudu, mutum ya ji babu abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma lokacin faɗuwa, wato ciwon damuwa mai tsanani na mako biyu zuwa sama, inda ko tashi daga shimfiɗa aiki ne. Yawanci takan fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin da wani abu. Ku lura da shekarun nan. Su ne shekarun da maganar aboki ta fi ta kowa nauyi a kunnen mutum.

Mu fara da hauhawa, don a nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Idan ka tambayi 'yan uwan mai wannan lalura, za su ce maka ba ya jin maganar kowa, taurin kai ne da shi. Idan ka dubi abin da ya aikata a makon, sai ka ga wani baƙo da suka haɗu shekaranjiya ya sa shi ya zuba duk abin da ya tara a wani kasuwanci da ko takardarsa bai karanta ba. Ta yaya mutum ɗaya zai zama mai taurin kai kuma mai saurin biyewa? Duka biyun gaskiya ne. Kunnensa zaɓe yake yi. Yabo na shiga kai tsaye, gargaɗi kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa.

Dalilin yana da alaƙa da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da lada, wato daɗin samun abin da ake so, da kwaɗayin nasara, inda sinadarin dofamin ke aiki. A lokacin hauhawa wannan ɓangare yana wuce gona da iri. Riba na ƙara girma a ido, asara na ƙanƙancewa. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Sheri Johnson da abokan aikinta a Amurka ya nuna cewa ba baƙin labari kaɗai ke tayar da ciwon ba: cimma wani buri, kamar cin jarrabawa ko samun ƙarin girma a wurin aiki, yana iya zama mafarin hauhawa. Tafi da jinjinar jama'a ma lada ne a wurin ƙwaƙwalwa.

Ku ɗauki misali. Ƙarfe biyu na dare, matashi na zaune da waya a hannu, kwana uku ke nan barcinsa bai wuce awa biyu ba. Ya tura wata dabarar kasuwanci a zaurensu na WhatsApp, saƙon murya mai tsawon minti tara. Wani ya ce, "Kai fa ba ka da na biyu." Wani ya ce, "Wallahi ka fi ƙarfin aikin nan da kake yi, ajiye shi kawai." Ba mugunta suke nufi ba, hira suke yi. Yayarsa ta ga yana kan layi ta rubuto masa, "Ƙanena, je ka kwanta, gobe ma rana ce." Sai ya toshe lambarta. Kafin gari ya waye ya tura wa shugabansa takardar ajiye aiki.

Asch ya gano cewa idan aka samu mutum ɗaya tak a cikin taron da ya ƙi bin sauran, biyewar tana raguwa sosai. Matsalar lokacin hauhawa ita ce mai cewa a'a ɗin shi ake fara kora. Ya zama mahassadi, ya zama wanda bai fahimta ba. Su wa suka rage? 'Yan ingiza mai kantu ruwa, da masu neman abin hannunsa. 'Yan damfara kuwa, ko ba su taɓa jin sunan cutar ba, sun iya gane mutumin da ke kashe kuɗi ba lissafi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a farkon hauhawa, lokacin da abin bai yi tsanani ba, mutumin yana da daɗin zama. Ga raha, ga kyauta, ga ƙarfin gwiwa. Shi ke jan taron ma, ba taron ke jan sa ba. Abokan da suka gan shi a kwance wata uku sai su ce, "Madalla, mutuminmu ya dawo." Ni a ganina wannan jumla ta fi zagi haɗari, domin tana koya masa cewa fuskar ciwon ita jama'a ke so.

Lokacin faɗuwa kuma labarin ya juya. Mutum ya daina yarda da kansa, yana ganin shi nauyi ne a kan kowa, duk laifin duniya nasa ne. Wanda ke jin haka ba ya musu. A ce ya sa hannu a takarda, ya sa. A yanke masa hukunci kan aurensa ko karatunsa, ya ce to. Ba don ya gamsu ba, sai don ba shi da ƙarfin cewa a'a. Ga kuma kunyar abin da ya aikata lokacin hauhawa, wadda wasu ke riƙewa su juya shi yadda suke so. Kaɗaici na ƙaruwa, kuma duk ƙungiyar da ta zo da alkawarin karɓarsa da amsa guda ga dukkan matsalolinsa tana samun ƙofa a buɗe.

Akwai wata hanyar da jama'a ke shafar ciwon ba tare da ko kalma ɗaya ba, ita ce agogo. Rashin barci na daga cikin abubuwan da aka fi sani suna tayar da hauhawa. Hirar dare, biki har asuba, aikin dare, tafiya mai nisa inda lokaci ke canzawa, giya da ƙwayoyi. Lafiyayye zai rama barcinsa ya wuce wurin, mai baifola kuwa dare biyu ko uku na iya zame masa mafarin wata guda na wahala. Shi ya sa masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Frank ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka ta gina wata hanyar jinya a kan daidaita lokutan rayuwa: yaushe ka tashi, yaushe ka fara haɗuwa da mutane, yaushe ka fara aiki, yaushe ka ci na dare, yaushe ka kwanta.

Cikin gida ma taro ne. A 1988 masanin halayyar ɗan Adam David Miklowitz da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya nuna cewa marasa lafiyar da suka koma gidajen da ake yawan suka da faɗa, ko ake sa musu ido fiye da kima, ciwonsu ya fi saurin dawowa. Sa ido fiye da kima yana cikin jerin, ku riƙe wannan. Tsakanin hauhawa da faɗuwa da yawansu suna komawa daidai, suna aiki, suna riƙe iyali, hankalinsu kamar na kowa. Ƙwace musu ikon yanke hukunci a irin wannan lokaci cutarwa ce.

Shawarar da ta fi yin ɓarna kuwa gajeriya ce: "Ai ka warke, me za ka yi da magani?" Tun 1949 da likita John Cade a Ostireliya ya nuna amfanin maganin lithiyam ake amfani da shi wajen daidaita yanayin nan, kuma an tabbatar cewa yanke shi farat ɗaya yana ƙara haɗarin dawowar ciwon, har da haɗarin mutum ya halaka kansa. Duk wani sauyi a magani da likita ake yin sa.

Abin da masana lafiya ke ba da shawara shi ne a yi shiri lokacin da lafiya ta samu. Mutum ya zauna da likitansa da wasu mutum ɗaya ko biyu da ya zaɓa da kansa, su rubuta alamominsa na farko, domin kowa da nasa: wani barcinsa ne ke raguwa, wata saye-saye take farawa, wani kiran waya ne ba ƙaƙƙautawa. Su rubuta abin da za a yi idan an gan su. Wa zai riƙe katin banki, kwana nawa za a jira kafin a ajiye aiki ko a sa hannu a wata yarjejeniya, wa ke da izinin kiran likita ko da shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Idan kuma ya fara zancen mutuwa ko rabar da kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.