Na kwashe banɗakinmu kaf, kowa ya koma kwandon wanka

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri, da duk inda kuke kallo, barkanmu da warhaka. Daga Luton nake magana, nan Ingila. Yau babu girki, banɗaki za mu shiga. Ku yi haƙuri da gurnanin da kuke ji daga sama, fankar zuƙe tururi ce, da an kunna fitila take tashi.

To ga shi nan. In na buɗe hannuwana sai in taɓa bango da bango. Ga bahon wanka, ga masai, ga wurin wanke hannu, duk a ɗaki ɗaya. Wurin ajiya kuwa biyu ne rak, 'yar durowar nan ta ƙasa da wannan mai madubi ta sama. Kafin in kunna kyamara na shimfiɗa tsohon zane a ƙofar ɗaki na zube komai a kai. 'Yar uwa, in za ki yi wannan aikin kada ki ce za ki gyara kaya suna cikin durowa. Matsar da wannan ki tura wancan kawai za ki yi, ki rufe ki ce kin gama. Fito da su fili ido ya gani. Ku duba tulin nan don Allah, duk daga wannan ɗan akurkin ya fito.

A gidanmu na Badariya makewayi ba shi da kaya. Buta ce da tsintsiya, shi ke nan. Kowa da kwandon wankansa, soso, sabulu, dutsen goge kaushi. Ki ɗauka tare da bokitinki ki shiga, ki fito da abinki, ki rataye soso a igiya. Ranar Kebbi kuwa ba ta wasa, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kafin ki gama shafa mai soson ya bushe ƙayau. Da muka zo nan muka tarar Turawa komai nasu a banɗaki yake, har magani, sai kowa ya bi sahu. Alhali ɗakin nan ba ya bushewa. Tagar 'yar mitsitsiya ce, lokacin sanyi ba mai son buɗe ta, a watan Disamba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Mutum ɗaya ya yi wanka da ruwan zafi, tururi ya kwanta a kan komai, kafin ya bushe wani ya shiga.

Bari in matso da kyamara ku ga abin da danshi ke yi. Wannan sabulun salo ne da aka aiko mini daga babbar kasuwar Birnin Kebbi. Da dunƙule ne mai tauri, yanzu ku ga yadda yatsa ke nutsewa a ciki, gefensa ya narke ya manne da leda, ga farar fumfuna ta fito ta ƙasa. Sabulun salo jan ruwa yake daga iska, ko ba ki taɓa shi ba zai jiƙe. Dabarar ita ce ki ɓantari ɗan abin da zai yi miki mako, sauran ki naɗe a leda ki kai ɗakin kwana. Wannan kuma garin lalle ne, ya dunƙule ya zama dutse, ko launin kore babu. Man kaɗanyar nan ta wajen Zuru ce, mai kyau, amma ƙamshinta ya fara juyawa saboda yau zafi gobe sanyi. Ta koma ɗaki ita ma.

Turaren wuta da humra ma a nan na same su, a bayan robobin shamfu. Ɗazu muna waya da Inna ta bidiyo ta hango kwalbar, sai ta ce, "Ke, wa yag gaya miki ana aje turare cikin makewayi?" Gaskiyarta. Itacen turare in ya sha danshi hayaƙi kawai zai yi miki babu ƙamshi, ga shi a gidajen nan hayaƙi kaɗan na'urar gobara ta fara ihu maƙwabta su leƙo.

Sai magunguna, kuma nan ne nake so mu tsaya. Ki ɗauki kwalin magani ki karanta bayansa, yawancinsu an rubuta a ajiye a busasshen wuri, zafi kada ya wuce digiri 25. Banɗaki ya saɓa duka biyun. Kun ga kwalayen farasitamol birjik? Dalili shi ne a nan doka ta ƙayyade, kanti ba ya sayar da kwali mai fiye da ƙwaya 16, a kemis ne ake samun mai 32. Sai ka yi ta sayen ƙananan kwalaye, wannan an sha biyu, wancan an sha huɗu, a watsar. Na haɗa masu sauran kwana wuri ɗaya. Ga kuma guzurin da duk ɗan Najeriya ke tahowa da shi a akwati, maganin zazzaɓin cizon sauro, ragowar kafso ja da baƙi, wani ma kwalin ya ɓace ba a san ranar lalacewarsa ba. Duk wanda ya wuce lokaci, ko aka rasa kwalinsa, ya shiga wannan jakar. Ba a zuba su a masai, ba a jefa su a shara. Kemis ake mayarwa, suna karɓa kyauta. Masu kyau kuma sun koma akwatin roba mai murfi, can saman durowar kaya inda hannun yara ba ya kai.

Kayan shafa ba zan daɗe a kansu ba. Ki juya robar, za ki ga zanen ɗan gwangwani murfinsa a buɗe, an rubuta 6M ko 12M ko 24M. Watannin da zai yi ke nan daga ranar da kika buɗe. Ni yanzu da na buɗe abu sai in rubuta wata da shekara a gindinsa da alƙalamin maka. Buroshin haƙori kuma duk wata 3 a sauya.

Wannan robar dai ba tawa ba ce, wata baƙuwa ta bari, amma sai na nuna muku. Man bilicin ne, irin haɗin da ake durawa a roba babu suna babu jerin abin da ke ciki. Tun 2001 aka haramta sa hydroquinone, sinadarin da ke sa fata ta yi fari, a man shafawa a ƙasashen Turai, har da nan, amma ana shigo da shi a ɓoye. Mu da muka san yadda fuska ke ƙonewa ta yi baƙi a kumatu da gaɓoɓin yatsu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba zan ajiye shi ba, ba kuma zan ba kowa ba.

Durowar ƙasa ta zama ta kayan wanki kaɗai, kowane iri guda ɗaya, na sa mata ɗan makullin roba saboda autana. Ga ruwan bilic irin Hypo ɗinmu, ga ruwan khal fari. Khal ɗin dole ne a Luton, domin ruwan garin nan daga ƙasa mai alli yake fitowa, yana barin farin ɓawo a famfo da kan shawa har ramukan su toshe. Ki zuba khal a leda, ki tsoma kan shawar ki ɗaure, ya kwana, da safe ki goge da tsohon buroshi. Amma ku ji ni da kyau, kada a kuskura a haɗa khal da bilic, ko bilic da wani maganin wanke masai. Iska mai guba suke fitarwa, a ɗaki ƙarami irin wannan kuwa sai ta shaƙe mutum. Shi ya sa na raba su, ɗaya dama ɗaya hagu.

Buta kam tana nan daram, a unguwar Bury Park ta nan Luton na saye ta, shagunan 'yan Pakistan ba sa rabuwa da ita. Sai dai na sa mata ɗan faranti a ƙasa. Banɗakin nan ba irin namu ba ne da za ki kwara ruwa ya bi rariya. Babu magudana a ƙasa, katako ne a ƙarƙashin ledar, ruwan alwala in ya yawaita sai ya ɗiga wa na ƙasa ta rufinsa. Kusa da masai kuma ga ƙaramin kwandon shara mai murfi, don jiƙaƙƙen tishun goge yara da audugar mata. Ba a tura su masai. A 2017 a unguwar Whitechapel ta Landan an tarar da dunƙulen maiƙo da irin wannan tishun ya toshe magudanar ƙasa, nauyinsa tan 130. Ku ji fa.

Wata za ta ce me ya hana ki kafa kanta a bango? Gidan haya ne. A nan mai gida na riƙe kuɗin ajiya har na hayar mako 5, ranar tashi kuma duk ramin ƙusa sai an cire miki kuɗinsa. Don haka na sayi maratayi irin wanda ake saƙalawa a saman ƙofa, ba ƙusa ba huji, na tawul. Sai kwandunan roba masu huji-huji, kowa da launinsa, nawa ja, na maigida baƙi, na yara shuɗi. Mai wanka ya ɗauki nasa ya shiga, ya fito da shi, ya ajiye kusa da hita a baranda soso ya bushe. Yaran ma sun fi kowa murna, wai kowa ya samu jakarsa.

Ga durowar madubi yanzu, makilin, buroshi, asuwaki, mataji, sabulun wanke hannu. Kantarta ta sama babu komai, kuma haka zan bar ta. Wancan ɗan tulin da kuke hange a gefen zane rezoji ne da kayan aski na Abban yara, ban taɓa ba, don in na zubar da ɗaya shi ne zai ce ya fi so. Yana dawowa daga aiki zai zauna ya tsince da kansa. Ni bari in sa hijabi in kai jakar maganin nan kemis kafin su rufe. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.