Dajin fata: tsakanin kurkum da malafa

Yaya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Muna nan Samaru, Zariya, kamar kullum, ga Anti, ga Auta. Yau ba sai na faɗi abin da ya tara mu ba, wancan saƙon muryar ne.

Auta: Na dajin fata.

Yaya: Shi fa. Ya shigo mini ta gurup ɗin gida, ya shigo ta na 'yan ajinmu, jiya da daddare kuma Gwaggo ta sake turo mini ni kaɗai, wai ko ban gani ba.

Auta: Ga wanda bai ji ba, in akwai shi: kurkum da garin zogale da zuma, a sha safe da yamma, sannan a daka tafarnuwa a ɗaure a kan ciwon. Wai kwana arba'in...

Anti: Tsaya nan, Auta. Tafarnuwar nan ita ta hana ni barci. Kurkum da zogale ka sha abinka, abinci ne, ni ma kwaɗon zogale na ci da rana. Amma ɗanyar tafarnuwa in ta kwana ɗaure a fata, ƙuna take yi, har da bororo. Mutum ya kwance ƙyalle da safe ya ga wurin ya yi baƙi ya saɓule, sai ya ce alhamdulillahi, ciwo ya fito. Alhali saman ne ya ƙone. Na ƙasan yana nan yana cin gabansa, ga tabo ya rufe shi, likita ma sai ya sha wuya kafin ya gane iyakarsa. Turawa ma suna da nasu, wani baƙin man shafawa mai cin nama da ake sayarwa a intanet. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kansa, akwai waɗanda ya cinye wa hanci.

Yaya: Subhanallahi. Ni muryar mutumin ce ma ta tuna mini masu motar lasifika na Kwangila.

Auta: Basir mai tsiro, basir mai jini, sanyin ƙashi, sanyin mara...

Yaya: Da mugun mafarki!

Auta: Duk a kwalba ɗaya, ranka ya daɗe.

Yaya: Rannan na ji an ƙara da ciwon mantuwa. Na ce to, wannan na ɗalibai ne, jarrabawa ta matso.

Auta: A'a, wannan naka ne, Yaya. Zan sayo maka ko ka tuna kuɗin da nake binka tun ƙaramar sallah.

Yaya: Wane kuɗi?

Auta: Kun ji ko? Ciwon ya yi nisa. Anti, kwalba biyu za ta ishe shi?

Anti: Wannan ko jarka aka ba shi...

Yaya: Mai maganin cewa ya yi in an sha a guji ɓacin rai na mako guda. Kai kuma da zancen bashi ka zo.

Auta: To ka biya, ran kowa ya yi fari.

Anti: Ku bar ni na yi magana, don kada a ce mun zo raina itatuwa. Ni aikina ke nan. A jami'ar nan ta Ahmadu Bello, a tsangayar harhaɗa magunguna, sashe guda ne ba abin da yake yi sai binciken magani a tsirrai. Binkiristin, wanda ake ba yara masu dajin jini, daga wata fulawa ta ƙasar Madagaska aka samo shi. Amma ku ji wannan. Akwai wani ɗan tsiro mai farin ruwa, dangin su tinya da aguwa, da Turawa suka daɗe suna ɗiga wa tabon rana. Aka tace shi, aka yi man shafawa mai suna Picato, aka ba shi lasisi a 2012. A 2020 Tarayyar Turai ta dakatar da shi, saboda an ga masu shafa shi sun fi samun dajin fatar. Wanda aka auna a ɗakin gwaji ke nan fa. Ina ga wanda aka ƙulla a leda?

Auta: To ƙwayoyin bitamin fa? Masu sauraro da yawa sun tambaya.

Anti: Guda ɗaya ce na san tana da hujja mai ƙwari, nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3. A Ostireliya aka gwada ta, aka buga sakamakon a 2015. Mutum 386, miligiram 500 sau biyu a rana, shekara guda. Sababbin dajin fata suka ragu da kashi 23 cikin ɗari, ban da melanoma, dajin nan da ke fitowa kamar baƙin tabo, ita ba ta cikin wannan lissafin. Amma su wa aka ba? Waɗanda dajin ya riga ya fito musu aƙalla sau biyu a cikin shekara biyar. Da suka daina sha kuma, amfanin ya tafi. Da aka gwada ta a kan waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da makamantansu, a 2023, ba ta yi komai ba. Kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya fito.

Yaya: Kenan kada na tsaya kemis a hanyar gida.

Anti: Kai me ya same ka? In likitan fata ya rubuta wa wanda ya dace, shi ke nan. Sauran kuwa, sinadarin nan na karas, beta-karotin, an gwada, bai hana dajin fata ba, a masu shan taba ma ƙara dajin huhu ya yi, a binciken ƙasar Finland na 1994. Seleniyam ma an gwada, bai hana ba. Kurkum a kwanon gwaji yana kashe ƙwayar daji, gaskiya ne, amma hanjin mutum ɗan kaɗan yake tsotsa daga cikinsa.

Auta: Anti, za a ce habbatus sauda fa.

Anti: Ba mai musun hadisi a nan. A sha, a yi addu'a, a kuma je asibitin koyarwa na Shika. Wanda ya koya mana ita shi ne ya ce mu nemi magani. Abin da nake faɗa da shi shi ne mutum ya zauna wata takwas yana shafe-shafe, sai ciwo ya kai kaluluwar matsematsi sannan a ɗauko shi a mota.

Yaya: Amma tsakani da Allah, mu baƙar fata wannan ciwon ya dame mu? Ni na ɗauka na Turawa ne masu kwanciya a bakin teku.

Anti: Sun fi mu samunsa nesa ba kusa ba, baƙin fatarmu kariya ce babba. Sai dai namu a inda ba a dubawa yake fitowa, tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Kai da kake damun mutane da kaset ɗin Bob Marley a harabar jami'a ta Kongo, me ya kashe shi?

Yaya: An ce ƙwallo ya buga aka taka shi.

Anti: Haka shi ma ya ɗauka. A 1977 aka gano melanoma ce a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa. Aka ce a cire yatsan, ya ƙi. Watanninsa na ƙarshe a wani asibiti ya yi su a Jamus, inda ake magani da tsarin abinci da makamantansu. Ya rasu a watan Mayun 1981, yana da shekara 36.

Yaya: Yatsa ɗaya.

Anti: Yatsa ɗaya. Shi ya sa nake cewa in kana alwala ka ɗaga ƙafar ka duba. Baƙin tabo da ba ka san shi da can ba, yana faɗi, gefensa ba daidai ba, launinsa ya rarrabu, ko yana jini. Baƙin layi a farce da yake ƙara kauri. Tsofaffinmu na ƙauye za su ce ƙaya ce ta taka su. Sai na biyu, wanda ya fi yawa a wajenmu: gyambo. Tsohon tabon ƙuna, yaro ya faɗa murhu yana ƙarami, bayan shekara ashirin ko talatin wurin ya buɗe, ya ƙi warkewa, bakinsa ya tattashi ya yi tauri, yana wari. Ana ta barbaɗa masa gari ana ɗaurewa. Irin wannan yakan rikiɗe ya zama daji. Ɗan nama kaɗan za a yanka a kai ɗakin gwaji a san ko mene ne. In an zo da wuri, tiyata ce a yanke a ɗinke. In an makara, sai gashi da na'urar asibiti, wani lokacin har da yanke ƙafa.

Auta: Sai 'yan uwanmu zabiya.

Anti: Su ne ma ya kamata wannan saƙon ya yi maganarsu, bai yi ba. Fatarsu ba ta da abin da ke tare zafin ranar, kuma ranar Zariya kun san ta a watan Maris da Afrilu. Yaro zabiya a ɗora masa talla da tsakar rana, ko a tura shi gona ba hula. Kafin ya kai ashirin za ka ga wuya da kunne da leɓe sun yi kaushi, da ɓawon da ba ya tafiya. Daga nan yake farawa. In ana neman kariya ta gargajiya, ga ta nan a kasuwar Sabon Gari: malafa mai faɗi irin ta Fulani, riga mai dogon hannu da saƙa mai kauri, laima, da zama a inuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4. Sannan man kariya daga rana, mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 zuwa sama, a sake shafawa bayan awa biyu da bayan alwala. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum fiye da 1,600 tun 1992, masu shafawa kullum suka samu kusan rabin melanomar da sauran suka samu.

Yaya: Man nan da tsada, Anti. Man kaɗe ba zai yi ba?

Anti: Man kaɗe na laushin fata ne, kariyarsa daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Tsada kam akwai, shi ya sa na fara da malafa. Kuma malaman makaranta, don Allah, ku daina tsayar da yaro zabiya a filin taro. Ranar 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, kowa ya ɗauki hoto da su, washegari an manta. Hazon hunturu ma kada ya ruɗi kowa, rana tana ratsa shi.

Auta: To, na rubuto abubuwa biyar da za mu rufe da su. Na farko...

Yaya: Auta, ba kiran magariba nake ji ba?

Auta: Ko na farkon ban karanta ba! Ga kuma tambayar man bilicin da aka turo.

Anti: Wannan ai shiri guda ne, ina da magana a kansa sosai.

Yaya: Mun sani, Anti. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Kada dai kowa ya ɗaura tafarnuwa kafin nan. Auta, kashe na'urar.